Daga Bakin Titi Zuwa Ƙofar Gida: Wa Zai Biya Kuɗin Jawo Wayar Intanet a Minna?

Duk wanda ya zauna a Jihar Neja ya san ɗacin karin maganar nan ta ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A ƙasarmu aka gina madatsar Kainji a 1968, ta Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro a 1990, ga kuma ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700. Manyan wayoyin lantarki suna ratsa gonakinmu, suna wucewa ta saman ƙauyuka su kai haske birane masu nisa, mutanen da ke ƙarƙashinsu kuwa suna kwana da tocila. Wutar tana nan. Abin da ya gagara shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin babbar waya da ɗakin talaka.

Yanzu irin wannan labarin yana neman maimaita kansa, amma a ƙarƙashin ƙasa. Wayar intanet ta riga ta iso Minna. Ita ce ke riƙe da bankuna da manyan ofisoshi da turakun sadarwa masu yawa. Sai dai mai gida a bayan Maitumbi, ko Tudun Fulani, ko sababbin unguwannin da ke tasowa a hanyar Bida, idan ya nemi a jawo masa ita, amsar da ya fi ji ita ce: "Layinmu bai kai wajenku ba tukuna." Me ya hana ya kai? Nawa ne kuɗin kai shi? Kuma a wuyan wa ya kamata kuɗin ya rataya?

Inda wayar ta fito da inda ta tsaya

Wayar fayiba zare ce ta gilashi, siririya kamar gashin kai, wadda ake aika saƙo ta cikinta da haske. Silin zare ɗaya yana ɗaukar abin da dubban wayoyin tagulla na zamanin NITEL ba za su iya ɗauka ba. Daga ƙasashen waje take shigowa ta ƙarƙashin teku: MainOne da Glo-1 sun fara aiki ta Legas a 2010, WACS ta zo a 2012, Equiano ta kamfanin Google a 2022. Don haka a bakin teku Najeriya ba ta da ƙarancin intanet. Wahalar tana farawa ne daga lokacin da aka ce a ɗauko shi a shigo da shi cikin ƙasa.

Tafiyar zango uku ce. Akwai babban layi mai haɗa gari da gari, kamar daga Abuja ta Suleja zuwa Minna. Akwai layin cikin gari, mai zagaya manyan tituna. Sannan akwai zangon ƙarshe, daga bakin titi zuwa lungu, daga lungu zuwa ƙofar gida. Zangon farko dubban ɗaruruwan mutane ne ke raba nauyinsa, don duk mai waya a garin ta nan saƙonsa ke bi. Na ƙarshe kuwa 'yan gidajen da ke kan layin ne kaɗai za su biya shi. Shi ya sa wanda ya fi gajarta shi ne ya fi tsada a kan kowane mutum.

Inda kuɗin ke tafiya

Mutane da yawa suna zaton wayar ce mai tsada. A gaskiya ita ce mafi sauƙi a cikin lissafin. Haƙa rami shi ne ke cin kaso mafi tsoka. Sai an tona, a shimfiɗa bututun roba, a gina ramukan dubawa masu murfi, a zura waya, a mayar da ƙasa, a gyara duk kwalta ko daɓen da aka fasa. Inda za a tsallaka babban titi, sai an kawo injin da ke huda ta ƙarƙashi. Minna kuma gari ne da ke zaune a kan dutse. Sunan Dutsen Kura ma kaɗai ya isa shaida. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya ko masai a wasu unguwanninmu ya san yadda diga ke komawa baya idan ta ci karo da fa. Mita ɗaya a irin wannan wuri tana iya cin kuɗin mitoci da yawa a ƙasa mai laushi.

Bayan rami sai kayan aiki. Akwai na'urar da ke cibiyar kamfani, da akwatunan da ke raba zare ɗaya ga gidaje 32 ko 64, da wayar da za ta shiga gida, da 'yar na'urar da ake maƙalawa a bango. Kusan duk waɗannan daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kayan da kamfani ya yi wa kasafi a farkon 2023 sun ninka sau uku kafin ya kai ga saye. Ga kuma man dizal na janareto, da batura, da albashin masu gyara, da masu gadi.

Akwai wani adadi da zai ba mai karatu ma'auni. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000, wanda Ministan Sadarwa Bosun Tijani ke jagoranta, aka kuma ƙiyasta zai ci dala biliyan 2. Idan aka raba, kowace kilomita ta tashi a kan dala 22,000 da 'yan kai, wato sama da naira miliyan 30. Wannan matsakaicin kuɗin aikin gaba ɗaya ne, har da na'urori, kuma wani wuri zai fi haka, wani ya gaza. Amma ya isa ya nuna girman abin da ake magana a kai.

Lissafin da kamfani ke yi

Mu ƙaddara, don misali kawai, kilomita ɗaya ta ci naira miliyan 30. A unguwa mai cunkoso irin Limawa ko Kpakungu, a ce gidaje 150 ne ke kan wannan layi. Idan kowa ya karɓa, kuɗin kowane gida naira 200,000 ne. To amma ba kowa zai karɓa ba. Wucewar waya ta ƙofar gida daban, biyan kuɗin wata daban. Idan gida ɗaya cikin biyar ne ya shiga, masu biya sun zama 30, nauyin kowannensu ya koma naira miliyan 1.

Yanzu mu ɗauki wannan kilomitar mu kai ta bayan gari, inda gida ɗaya ke nan, sai kango, sai fili, sai gona, sannan wani gida. A ce gidaje 15 ne. Ɗaya cikin biyar ya zama gida uku. Kowanne ya tashi a kan naira miliyan 10. Rami ɗaya ne, waya ɗaya ce, leburori ɗaya ne, amma kuɗin ya ninka sau goma. Shekara nawa gida zai yi yana biyan kuɗin wata kafin kamfani ya mayar da naira miliyan 10? A jihar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnati yake naira 80,000, nawa magidanci zai iya warewa ga intanet bayan abinci, kuɗin makaranta, magani da wuta?

Wannan lissafi shi ne tushen matsalar, kuma Jihar Neja ta fi kowace jiha jin nauyinsa. Ita ce mafi faɗin ƙasa a Najeriya, da murabba'in kilomita sama da 76,000 da ƙananan hukumomi 25. Daga Minna zuwa Kontagora, ko New Bussa, ko Rijau, doguwar tafiya ce ta cikin daji da ƙauyuka a warwatse. Ga matsalar tsaro a sassan Shiroro, Rafi, Munya da Mariga, inda ɗan kwangila zai yi tunani sau biyu kafin ya tura ma'aikata su kwana a bakin rami. Idan zangon ƙarshe ya gagara a gefen babban birnin jiha, ina ga Kagara ko Sarkin Pawa?

Kuɗin izinin haƙa

Shekaru da yawa kamfanonin sadarwa suna kuka da kuɗin da jihohi ke karɓa a kan kowace mita kafin su ba da izinin tona gefen hanya. Tun a 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a kan mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A farkon 2020, lokacin Isa Ali Ibrahim Pantami yana ministan sadarwa, gwamnoni suka sake alƙawarin komawa kan 145. Jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuwa ta yafe gaba ɗaya. Jihar Neja, a mulkin Gwamna Mohammed Umaru Bago, ta bi sahun masu yafewa: ta soke kuɗin mita, ta bar kuɗin neman izini na naira 500,000 da ake biya sau ɗaya.

Wannan mataki ne da ya cancanci yabo. Naira 4,500 a kan mita na nufin naira miliyan 4.5 a kan kilomita tun ba a sara diga ko ɗaya ba, kuma hakan ya isa ya kori mai zuba jari. Amma a duba ɗaya gefen. Naira 145 a kan mita naira 145,000 ce a kan kilomita, abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miliyan 30 ba. Ma'ana, yafe kuɗin izini ya buɗe ƙofa, amma bai ɗauke kayan ba. Rami yana nan, dutse yana nan, dala tana nan, tazarar da ke tsakanin gidaje tana nan. Idan muka tsaya a kan wannan nasara muka naɗe hannu, kamfanoni za su ƙara waya a Tunga da Bosso da unguwannin masu hali, inda dama akwai riba, su bar sauran yadda suke.

Katafila da waya

Akwai kuɗin da ba a cika sa shi a lissafi ba: kuɗin sake yin abin da aka riga aka yi. Hukumomi sun bayyana cewa a 2024 an yanke wayar fayiba sama da sau 50,000 a faɗin Najeriya, kuma kusan 30,000 daga ciki ayyukan gina hanyoyi ne suka jawo. A shekarar ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Duk yankewa ɗaya tana nufin banki ya tsaya, mai POS ya zauna, kira ya ƙi shiga, sannan kamfani ya tura mota da ma'aikata su nemo wurin su haɗa. Wannan asarar tana dawowa kan mai saye, kuma tana cinye kuɗin da ya kamata a kai layi sabuwar unguwa da shi.

Wannan batu ya shafi Minna kai tsaye, domin 'yan shekarun nan gari ya cika da aikin tituna, ana faɗaɗawa, ana gina magudanan ruwa. A nan ne babbar dama take, a nan ne kuma babbar asara za ta iya faruwa. Lokacin da katafila ta riga ta buɗe ƙasa, ajiye bututun roba fanko a gefen hanya ƙaramin kuɗi ne a cikin kwangilar biliyoyi. Idan aka bari har aka zuba kwalta, duk kamfanin da ya zo daga baya sai ya fasa, ya biya kuɗin tono cikakke, ya kuma bar wa titi tabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jihar Legas ta gane haka, ta shiga aikin shimfiɗa bututun haɗaka mai tsawon kilomita 3,000 a zangon farko, domin kamfanoni su riƙa haya maimakon kowa ya tona nasa.

Sabis na waya bai wadatar ba?

Wani zai ce, tunda kowa na da waya a hannu yana sayen data, ina amfanin wahalar tono? Tambaya ce mai ma'ana. Tun da aka fara GSM a 2001, turakun sadarwa sun kai magana wuraren da NITEL, mai layuka wajen 400,000 kacal, ba ta taɓa mafarkin zuwa ba. Kuma gaskiya ne ba kowane gida ne zai samu fayiba nan kusa ba.

Amma shi kansa turken, idan ba a jawo masa fayiba ba, ƙarfinsa ƙayyadadde ne. Da yamma ta yi, kowa ya hau, sai sabis ya yi sanyi. Ga kuma tsada: a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wanda ke duba saƙonni kaɗai zai iya lallaɓawa. Ɗalibin da ke bin darasi ta bidiyo, da matashin da ke yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinsa, da asibitin da ke son aika hoton cuta ga ƙwararren likita, data ta mako ba za ta riƙe su ba. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam da ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, yana kaiwa inda waya ba ta kai ba, kuma zai yi amfani a makaranta ko asibitin ƙauye mai nisa. Sai dai kuɗin na'urarsa da na wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje.

Minna kuwa gari ne na ilimi. Nan ne Jami'ar Fasaha ta Tarayya take tun 1983, da harabarta a Bosso da Gidan Kwano. Nan ne hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta. Yaron da ya tashi a gidan da ke da intanet mai ƙarfi, da wanda sai ya fita bakin titi neman sabis, ɗaki ɗaya za su shiga su zana jarrabawa ɗaya. Tazarar da aka bari a lungu ita ce za ta bayyana a sakamakon.

Wa zai biya?

Hanyoyi uku ne. Ta farko, a bar wa kasuwa. Mun ga lissafinta: za ta kai inda riba take, ta tsaya. Ba mugunta ba ce, ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi inda ba za su dawo ba.

Ta biyu, a ɗora wa masu gida. Wannan hanya mun san ta sarai daga harkar lantarki. Unguwanni nawa ne suka yi karo-karo suka sayi falwaya da waya da taransifoma, alhali hukumar kula da lantarki ta NERC ta sha bayyana cewa samar da waɗannan kaya haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne? Idan aka bi wannan salo a intanet, rukunin gidajen masu kuɗi za su haɗa su jawo, talaka ya ci gaba da jira. Kuma mutumin da ya fi kowa nisa, wanda tsadar fili ce ta kai shi bayan gari tun farko, shi za a ce ya biya mafi yawa.

Ta uku, al'umma gaba ɗaya ta ɗauki gibin da kasuwa ta bari. Haka ƙasashen da suka ci gaba suka yi. A Amurka, a tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki, domin kamfanoni sun ce kai wuta karkara asara ce. Dokar da aka yi a 1936 ta ba ƙungiyoyin manoma rance mai sauƙi suka ja layukansu, cikin shekara ashirin kusan kowace gona ta samu wuta. A 2021 ƙasar ta sake ware dala biliyan 42.45 don kai intanet gidajen da ba su da shi. Idan ƙasa mai arzikin Amurka ba ta bar zangon ƙarshe ga kasuwa kaɗai ba, mu ba mu da dalilin tsammanin zai gina kansa. Mu ma muna da makamin: dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa zuwa. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin ɗari na jama'a, wa'adin ya cika ba a kai ba.

Abin da ya rage a yi

Na farko, gwamnatin jiha ta mayar da shi doka cewa duk titin da za a gina ko a faɗaɗa a Minna, Bida, Suleja da Kontagora, bututun waya yana cikin kwangilar, kuma a ba kowane kamfani haya a farashi ɗaya. Na biyu, kafin ɗan kwangila ya kunna katafila, a sanar da masu waya, a nuna masa taswirar inda take. Na uku, a daidaita da kamfanin rarraba wuta a riƙa rataya fayiba a kan falwayoyin da ke tsaye a lunguna, domin rataya ta fi tono sauƙi nesa ba kusa ba, musamman a kan dutse. Na huɗu, a fara da makarantu, asibitoci, sakatariyoyin ƙananan hukumomi da kasuwanni irin ta Kure. Idan gwamnati ta zama mai saye na dindindin a wuri, gidajen da ke kewaye suna samun layi da ɗan ƙaramin ƙari. Na biyar, duk sabon awon filaye a fitar masa da hanyar waya tun a takarda, kamar yadda ake fitar da titi da magudanar ruwa. Inda duk wannan bai isa ba, a yi tallafi a fili: a bayyana unguwa, a kira kamfanoni su yi takara, wanda ya nemi mafi ƙarancin tallafi ya ɗauka, kuma kada a biya shi sai an ƙirga gidajen da aka haɗa.

Masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban unguwa su ma suna da rawar takawa. Idan suka tattara sunayen gidajen da ke shirye su biya, suka je wa kamfani da su, lissafin gida ɗaya cikin biyar zai iya zama biyu ko uku, nauyin kowa ya ragu. Su kuma tsare wayar da aka shimfiɗa daga masu tona ta da zaton akwai tagulla a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fiye da shekara hamsin ke nan da gina Kainji, har yau akwai ƙauyukan Neja da ba su ga wuta ba, domin an gina babba an manta da ƙarami. Kada mu bari jikokinmu su faɗi haka a kan intanet. Ramukan tituna a buɗe suke yau a Minna. Ina kira ga gwamnati da 'yan majalisar dokokin jiha su sa bututun a ciki kafin a zuba kwalta.